Cibiyar da Ba Ta Daina Jini: Abin da Na Gani a Zahedan

Zahedan na can kudu maso gabashin Iran, dab da iyakar Pakistan da Afganistan, ƙasar Baluchawa, busasshiya mai duwatsu da ƙura. Masallacin Makki ne ke fara jan idon baƙo. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai wani ɗakin asibiti ne, inda iyaye ke zaune da 'ya'yansu, wasu sun taso tun daga garin Khash, suna jiran allura.

Yaran ba su da sinadari na 13 cikin sinadaran da ke daskarar da jini. Sai a 1960 aka fara gano cutar, a jikin wani yaro a Siwizalan. A duniya ana ƙiyasta tana kama mutum ɗaya cikin miliyan biyu, amma a lardin Sistan da Baluchistan ta yi yawan da ba a san irinsa ba a ko'ina. Gado ce, sai yaro ya ɗauko ta wajen uwa da uba duka, alhali su lafiyarsu ƙalau. Auren zumunci kuwa ya yi ƙarfi a can.

Cutar mayaudariya ce. Jini yakan daskare kamar na kowa, sai dai gudan ba shi da ƙwari, bayan sa'o'i ko kwana biyu ya warware, rauni ya sake ɓallewa. Gwaje-gwajen daskarewar jini na PT da APTT da aka saba yi su fito lafiya lau, a sallami yaro. Likitocin can ba sa tsayawa nan. Sukan jefa gudan jinin cikin ruwan yuriya, in ya narke sun kama bakin zaren, sannan a auna sinadarin kansa. Yawanci cibiyar jariri ce ke fara tona asiri. Abin tsoron shi ne zubar jini cikin ƙwaƙwalwa, mata kuma su yi ta ɓari.

Maganin ya ba ni mamaki don sauƙinsa. Sinadarin na daɗewa a jiki, allurarsa ɗaya duk mako huɗu zuwa shida ta wadatar, in babu a ƙara wa mara lafiya ruwan jini.

Mu ma muna aurar da ɗan wa da 'yar ƙani, muna kai jarirai wajen wanzami. Ungozomomi da malaman asibiti, in cibiya ta ƙi daina jini, ko kaciya ta tsaya ta sake ɓallewa, kada sakamakon gwaji mai kyau ya rufe muku ido. Ku tura yaron babban asibiti a duba masa sinadari na 13.