Wusasa ta Dā: Bangaskiyar da Aka Gina Gida a Kanta

Duk wanda ya fita daga birnin Zariya ya nufi wajen dutsen Kufena, zai iske Wusasa a gindin duwatsu. Yau gari ya haɗe, gidaje sun cinye filin da a dā gonakin dawa ne. In an yi hirar mutanen da wurin ya haifa, akan ce ai makarantar 'yan mishan ce ta ɗaga su, don sun riga kowa shiga boko. Makaranta ta yi nata, ba musu. Amma iyayen da suka kai yaran nan aji sun riga sun sha wuya a kan abin da suka gaskata tun kafin su ga allon boko, kuma a ganina wannan ne tushen.

Labarin ya girmi zuwan Turawa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi, wani malami mai suna Malam Ibrahim ya duƙufa kan abin da ya karanta game da Annabi Isa, har ya tara almajirai da aka riƙa kira Isawa. An kashe shi a Kano saboda koyarwarsa, mabiyansa suka watse, wasu suka nufi Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan ƙasar Zazzau. Shekara da shekaru suna riƙe da abin da malaminsu ya bari, suna jiran ranar da za a zo musu da cikakken bayani.

Dakta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano a 1900, Sarki Aliyu Babba ya sallame su. A 1905 Miller ya zauna cikin birnin Zariya, yana ba da magani, yana koyar da yara kaɗan. Shekaru suka wuce masu tuba ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka neme shi da ƙafarsu. Daga nan aka kafa musu mazauni a Gimi, inda suka yi gonaki da makaranta da wurin sujada.

Gimi ce wurin da nake so mai karatu ya tsaya. Mutane sun baro danginsu, sun sha gori, sun taru a wuri ɗaya suna murna sun sami abin da kakanninsu suka jira. Ba a jima ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya shiga garin. Mutum ya fara da zazzaɓi da kumburin wuya, ya koma gyangyaɗi da rana tsaka, ya rame, ya tafi. Aka yi ta binne manya da yara har garin ya tashi. Ka tuna abin da maƙwabta za su ce a lokacin: ga sakamakon barin hanyar iyaye. Wanda ya shiga addini don neman sauƙin rayuwa, ranar nan zai tattara tabarmarsa ya koma. Da yawa daga waɗanda suka tsira ba su koma ba. Suka kwashi marayu suka nufi Zariya, kuma da aka fitar da mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa wajen 1929, da su aka kafa garin.

Majami'ar da suka gina a shekarar, ta Saint Bartholomew, magina Hausawa ne suka ɗora ta da tubali da azara, da bakan gizo irin na zaurukan sarauta. Tana nan har yau. Wanda ya shiga ya ɗaga kai zai gane cewa mutanen nan ba su ɗauka bin Almasihu yana nufin zama Bature ba. Riga da hula suke sawa, tuwo suke ci, da Hausa suke roƙon Allah. Da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aikin da Miller ya ba shekaru masu yawa tare da wasu 'yan mishan da Hausawa masana harshe, sai ya zama littafin da ake koyon karatu da shi a gida.

Na taso na tarar da sauran wannan tarbiyya a wurin kakata. Littafinta baƙin bango ne, ta ɗinka masa riga da ƙyallen atamfa, gefen shafukan ya yi duhu saboda yatsa. Kafin a ɗora tukunyar koko sai an taru an yi addu'ar safe, da dare kuma bayan tuwo a shimfiɗa tabarma kusa da fitilar ƙwai, yaro ɗaya ya karanta sura, ita tana gyara masa ba tare da ta duba ba. In ta auna hatsi bayan girbi, na baiko take fara warewa, kuma ba daga na ƙasan buhu ba. In ta yi saɓani da wata, ba ta zuwa Jibin Ubangiji sai ta taka har gidan ta ce, “Yaya, ki gafarce ni.” Maƙwabtanta Musulmi suna aiko mata da naman layya, ita kuma ran Kirsimeti mu ne 'yan kai shinkafa gida-gida. Ban taɓa jin ta yi wa wani gorin addini ba, ban kuma taɓa ganin ta ɓoye nata ba.

Abin da ke damuna da zamaninmu shi ne yadda ake auna bangaskiya da abin da ta kawo: mota, muƙami, buɗin kasuwa. Lasifika ta yi yawa, addu'ar gida ta ragu. Mutanen Gimi kaburbura suka samu a farkon tafiyarsu, ba su kuwa saki ba. Asibitin Saint Luke da ke Wusasa, wanda ya karɓi kowa ba tare da tambayar addininsa ba, da makarantar da ke gefensa, daga irin wannan riƙo suka tsiro.

'Ya'yan Wusasa sun tafi da wannan riƙo duk inda aiki ya kai su. Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kafaɗa da kafaɗa da 'yan'uwansa Musulmi. John Tafida ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East. Yakubu Gowon, ɗan mai bishara, a Wusasa ya girma. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1970 ya zaɓi sulhu a kan ramuwa, bayan shekaru kuma ya kafa ƙungiyar yi wa Nijeriya addu'a.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawa, likitan yara. Ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ɗan ƙasa na farko a kujerar, ya kuma riƙe ministan harkokin waje a gwamnatin Shehu Shagari. Da sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen 1983, yana cikin waɗanda aka tsare. Bayan an sake shi ya koma Samaru, yana duba marasa lafiya a ƙaramin asibitinsa, yana kuma aikin fasto. Ya rasu a 2005.