Hausar da na dawo da ita

Hutun wata guda na ɗauka daga gidan rediyo na tafi Kano, garin da kakana ya baro da fataucin goro. Na hau Dutsen Dala, na zaga Kasuwar Kurmi. Duk inda na buɗe baki sai a yi murmushi: "Malam, daga Ghana kake?" Mu a Zango "ya zo" muke cewa, ko mace ce ko namiji. Kunya ta sa na dage da gyara harshena.

Da na dawo Buokrom sai na tarar an ba wani matashi shirina na safe, ni an mai da ni na dare. Abin ya yi min ciwo. Daren farko na zuba Hausar Kano zalla, don a san na yi tafiya.

Washegari Hajiya mai koko ta dube ni ta ce, "Ɗana, jiya baƙo muka ji a rediyo. Yaushe za ka dawo?"

Na rasa amsa.

Shirin safe bai dawo hannuna ba. Yanzu direbobin dare da masu gadin Kejetia nake taya hira, da Hausar da aka raine ni da ita. Barci kuwa, sai bayan sallar asuba.