Kakin 'Yan Bama da Jabunsa

Hausawa kan ce kama da wane ba ta wane. Duk wanda Allah Ya ɗora wa son tara kayan tarihi, ba ya daɗewa sai ya gane cewa wannan karin magana ita ce rabin aikinsa. Ni abin da nake tarawa shi ne kakin sojojin da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda muka tashi a unguwarmu ta Yerimaram, a garin Potiskum, muna jin ana kiran su 'yan Bama. Abin da na mallaka bai taka kara ya karya ba: riguna uku, malafa guda, da lambobin yabo 'yan kaɗan. Waɗanda aka kawo mini na mayar sun ninka haka, kuma dalilan mayarwar nake so in bayyana wa mai karatu.

Sai an san mai riga kafin a san rigarsa. A shekarar 1943 Turawan Ingila suka kafa runduna biyu, ta 81 da ta 82, daga sojojin Nijeriya da Gana ta yau da Saliyo da Gambiya. Aka kai su Indiya, daga can suka shiga dazuzzukan Bama don yaƙar Japan. Sunayen wuraren da suka fafata suna nan a barikokinmu: Myohaung da Arakan a Legas, Dalet a Kaduna. Alamar runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ce a kan rawayan ƙyalle, wato Anansi na tatsuniyoyin Ashanti, ɗan'uwan Gizonmu na Ƙoƙi. Ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye bisa gammo, domin a ka aka ɗauki kayan yaƙi a inda mota ba ta shiga. Jar dara da jar riga kayan fareti ne na gida. A daji koren tufafi da malafa mai faɗin baki aka sa. Saboda haka idan dillali ya kawo jar dara yana rantsuwar cewa da ita aka yi yaƙi a kwarin Kaladan, ko da darar ta ainihi ce, labarin jabu ne.

Bayan tarihi sai yadi da zare. Rigunan ƙasar zafi na wancan lokaci da auduga aka yi su, zaren roba kuwa bai yaɗu a kasuwa ba sai bayan 1950. Nakan zare sili ɗaya daga cikin kalmasa in kusanta shi da ashana. Auduga takan ci wuta ta bar toka mai laushi da ƙaurin takarda, zaren roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule. Sa'an nan in juya rigar in nemi hatimi. Kayan gwamnatin Ingila kan ɗauki wata alama mai kama da sawun kaza tsakanin harufan W da D, galibi tare da sunan kamfanin ɗinki da shekara. Sai dai masu jabu sun san da haka, suna sassaƙa nasu. Abin lura shi ne, tawada da yadi tare suke tsufa. Baƙin hatimi wuluk a jikin rigar da ta koɗe, shaida ce a kan mai sayarwa.

Abin da ya fi wuyar kwaikwayo shi ne wahala. Wani ɗan gwanjo ya taɓa kawo mini riga da aka jiƙa da ruwan shayi don ta yi kamar ta tsufa. Launinta ya dafe bai ɗaya tun daga wuya har ƙasa. Rigar da mutum ya yi gumi a cikinta ba haka take ba: wuya da hammata sun ci, kafaɗa ta koɗe inda rana ta buga da inda maratayin jaka ya goga, amma ƙarƙashin murfin aljihu launi na nan da sauransa. Akan tarar da maɓalli ɗaya da ya bambanta da 'yan'uwansa, ko faci da aka yi da ɗinkin hannu marar tsari. A wurina wannan faci ya fi hatimi ƙarfin shaida.

Lambobin yabo suna da tasu matsalar. Tauraron Bama mai tsini shida, kamar sauran lambobin da Ingila ta raba na wannan yaƙi, ba a rubuta sunan mai shi a bayansa ba. Na ainihi bugawa aka yi, rubutunsa ya fito sarai. Na jabu galibi zubi ne, jikinsa da 'yan ramuka. Amma ko na ainihin ne, ba zai faɗi wanda ya rataye shi ba. Takardar sallama mai lambar soja, da hoto, da bakin iyali, su ke mayar da tsumma ya zama tarihin wani.

A nan damuwata take. 'Yan mazan jiya na Bama sun kusa ƙarewa. Daɗin daɗawa, a shekarun da rikici ya addabi Potiskum, musamman daga 2012, ajiye duk wani abu mai kama da kayan soja ya zama abin tsoro, kuma na san gidan da aka ƙone kakin kakansu da dare saboda gudun tuhuma. Ban ga laifinsu ba, domin rai ya fi riga. Amma idan na ainihi ya ƙare, jabun da tela ya ɗinka don wasan kwaikwayo shi zai gaje gurbinsa, jikoki su riƙa nuna shi da alfahari.

Ɗalibin da ya tarar da irin wannan a adakar gidansu, kada ya wanke, kada ya goge maɓallan, kada ya raba rigar da takardunta. Ya tsare ta daga asu da gara, ya zauna da tsohuwar da ta san mai ita, ya rubuta sunansa da lambarsa da shekarar da ya dawo, tun tana da ikon faɗa.