Yarinyar da Ta Ji Tsoron Loma

A wani gida a garin Roni, cikin masarautar Kazaure, akwai yarinya 'yar shekara tara da ƙayar kifi ta taɓa maƙale wa a maƙogwaro. An cire ƙayar, amma tsoron bai fita ba. Tun daga ranar ta daina cin tuwo, ta bar nama da ƙosai, har ta kai ba ta iya haɗiyar komai sai tataccen koko.

Ra'ayin mutanen gida ya rabu. Goggonta ta ce shagwaɓa ce, a ƙyale ta yunwa ta koya mata hankali. Kakarta ta ce iska ce, aka shiga rubutu da hayaƙi. Da abin ya faskara sai aka koma ɗure: a danne ta, a tura loma, ta amayar. Kowane ɗure yana ƙara tabbatar mata cewa abinci abin gudu ne. Ta rame, ƙarfinta ya ragu, makaranta ta gagara.

Likitoci suna kiran wannan larura ARFID, wato matsananciyar ƙauracewa abinci. Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya ta cikin kundinta a 2013. Ta bambanta da anoreksiya domin mai ita ba ƙiba yake gudu ba. Tushenta yakan kasance tsoron shaƙewa ko amai, ko ƙyamar wari da laushin wasu abinci, ko rashin sha'awar ci gaba ɗaya.

A asibiti, bayan an tabbatar maƙogwaronta lafiya lau yake, umarnin farko shi ne a daina ɗure. Aka ba ta abinci mai gina jiki a ruwa-ruwa, sannan aka koya wa mahaifiyarta hanyar sabawa mataki-mataki: yau ta kalli tuwon, gobe ta taɓa, wata rana ta lasa miyar. Kokon ma a riƙa ƙara masa kauri kaɗan-kaɗan. Ba duka, ba gori.

Watanni suka shuɗe kafin ta gutsuri tuwon dawa ta haɗiye da kanta. Kakar, wadda da hannunta aka fara ɗuren, ta matso da kwanon miyar kuka ta ce, "Kishiyata, ci a hankali, ba mai korar ki."