Galeotto: sarkin da ake laƙaba wa fim da liyafa sunansa

Idan fitattun mutane biyu suka faɗa soyayya a Italiya, ko 'yan fim ko mawaƙa, akwai wani tsohon suna da 'yan jarida ke ɗaukowa don kanun labari: Galeotto. Shi ake fara ambata, sannan abin da ya haɗa masoyan ya biyo baya. A ce Galeotto shi ne fim ɗin da suka fito tare, ko jirgin da ya kwaso su rana guda, ko wani saƙo a Instagram. In abin tamace ne a nahawunsu, kamar liyafar dare, sai sunan ya rikiɗe ya koma galeotta. A tsakiyar jimla kuwa da ƙaramin baƙi ake rubuta shi, kamar bai taɓa zama sunan kowa ba.

Alhali sunan sarki ne, kuma ba ƙaramin sarki ba. A cikin doguwar hikayar Lancelot da aka rubuta da tsohon Faransanci a farkon ƙarni na 13, Galehaut ake ce masa, mai mulkin Tsibirai Masu Nisa. Ya ɗauko yaƙi ya tasam ma Sarki Arthur, nasara har ta kusa shiga hannunsa, sai ya hango wani barde cikin baƙin sulke yana abin mamaki a fagen daga. Lancelot ne. Don kawai ya samu abotarsa, Galehaut ya haƙura da nasarar, ya miƙa wuya ga wanda ya kusa kayarwa. Daga baya, da aka kawo masa labarin ƙarya cewa abokin nasa ya mutu, baƙin ciki ya kwantar da shi har ya cika.

Duk wannan bai bi sunan ba. Abin da ya manne masa aikin yammaci ɗaya ne: shi ya shirya ganawar Lancelot da Guinevere, matar Arthur, inda suka fara sumbatar juna.

Dante, marubucin Italiya da ya rasu a 1321, shi ya jawo masa. A waƙa ta biyar ta Inferno, littafinsa kan wutar lahira, Francesca ta garin Rimini tana ba da labarin yadda ita da Paolo, ƙanen mijinta, suke karanta wannan hikaya, da suka iso wurin sumbar sai suka kwaikwaya, ƙarshe mijin ya kashe su. Ta kira littafin da marubucinsa Galeotto. A lura da dabarar matar: laifin ya tashi daga kanta ya koma kan takarda. Ina ganin wannan ne ya sa jimlar ta yi tsawon rai. Mai dalilin aure mutum ne, ana iya zuwa gidansa a yi masa godiya ko ƙorafi. Amma wa zai tuhumi jirgi? Masu kanun labarai sun gaji uzurin, sun bar wa Dante wutar.

Boccaccio bai ji kunyar sunan ba, ya ɗora wa Decameron, littafinsa mai labarai 100, laƙabin Yarima Galeotto. Iyaye ma sun riƙa raɗa wa 'ya'yansu shi. Wani Galeotto Malatesta, daga zuriyar da Francesca ta yi aure a ciki, ya mulki Rimini har zuwa rasuwarsa a 1385.

Wanda ya fi kowa miƙa sunan nesa shi ne José Echegaray, marubucin Sifen da ya samu kyautar Nobel a 1904. A wasansa El gran Galeoto na 1881 babu ɗan aike ko guda. Gulmar mutanen gari ce ta yi ta haɗa wani saurayi da matar mai riƙonsa, alhali babu komai tsakaninsu, har mijin ya rasa ransa, aka kore su daga gidan, saurayin ya tafi da ita.