Tuvalu: ƙasar da filin jirgi ne dandalinta

Da yamma ta yi a Funafuti, babban birnin Tuvalu, sai jama'a su fito kan titin saukar jirgin sama. Yara na buga ƙwallo, samari na zagaye da babur, wasu ma in zafi ya dame su a ɗaka sai su shimfiɗa tabarma a nan su kwana. Jirgin Fiji ba kullum yake zuwa ba. In ya kusa sauka sai a busa jiniya, kowa ya kauce, ya tashi a dawo. Sojojin Amurka ne suka yi filin a lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma duk garin babu fili mai faɗinsa.

Tsibirai 9 ne a tsakiyar tekun Pasifik, tsakanin Hawai da Ostareliya. Duka ƙasar murabba'in kilomita 26 ce, mutanenta wajen 11,000. Sun karɓi 'yanci daga Birtaniya a 1978.

Na san tambayar ɗan kasuwa: me ake sayarwa? Shinkafa, fulawa, sukari, fetur, siminti, kayan gwangwani, duk jirgin ruwa ke kawo su. Ya makara, sai kantuna su yi wayam, kuma babu wata iyaka da za ka tsallaka ka saro. Dalar Ostareliya suke kashewa. Gwamnati na samun kuɗi daga jiragen waje masu kamun kifi a ruwanta, da kuma wata sa'a da ta faɗo mata: alamar ƙasar a intanet ita ce .tv, masu harkar talabijin da bidiyo kuwa suna biya don su yi amfani da ita.

Abincin gida kifi ne da kwakwa da pulaka, wani ɗan'uwan gwaza da ake shukawa cikin rami mai zurfi don saiwarsa ta kai ga ruwan daɗi. Babu kogi ko ɗaya. Ruwan sama ake tarawa a tanki, shi ya sa farin 2011 ya kai ga dokar ta-ɓaci.

Wuri mafi tudu a ƙasar bai kai mita 5 ba. In teku ta cika sosai, ruwan gishiri ta ƙarƙashin ƙasa yake ɓuɓɓugowa, ya shiga ramin pulaka ya lalata shi. A 2023 suka ƙulla yarjejeniya da Ostareliya: mutum 280 za su iya komawa can duk shekara. Da aka buɗe ƙuri'ar farko a 2025, fiye da sulusin 'yan ƙasar suka sa suna.

Mu da ke zaune a Kumasi ko Yawunde, komai daɗewa muna lissafin ranar zuwa gida. A Funafuti kuwa, gidaje da yawa a gefen ɗaki suke binne mamatansu, har yara na zama kan kabarin kakarsu suna hira. Wanda ƙuri'a ta faɗa masa, nan zai bar kabarin, taku kaɗan daga bakin ruwa.