Yawunde: Inda Na Ci Miyar Kurmi Hankalina Kwance

Kwana huɗu na yi a Yawunde, babban birnin Kamaru, ban ci komai ba sai tuwo da tsire. Laifin Birketeri ne, unguwar Hausawa: ga masallaci, ga mai kilishi, har ki manta kin bar gida. Ran na biyar matar ƙanena ta ce, "Haba Yaya, duk wannan doguwar tafiya don ki ci abin da kika baro a Kano?"

Da rana tsaka muka nufi wajen kasuwar Mokolo, ba nisa. Abincin kurmi na gaskiya yana hannun mata masu manyan tukwane a rumfunan bakin hanya, waɗanda ake kira turnedo saboda mai ci yakan juya wa titi baya. Ki je da wuri, kafin a kai gindin tukunya.

Na fara da eru, miyar mutanen kudu maso yamma. Ganyen wata itaciya ce mai yaɗo a cikin kurmi, mai tauri, sai an yanka shi siriri kamar zare, a haɗa da wani ganye mai ruwa-ruwa don ya yi laushi, a zuba manja da busasshen jatan lande da ganda. Su kanda suke cewa, na ji kamar 'yar'uwa na gani. Da tuwon rogo ko teba ake ci. Manjan fa ba wasa, mai ciwon ciki ta yi a hankali. Wannan ganyen dai shi mutanen yankin Yawunde ke dafawa da gyaɗa da ruwan kwakwar manja su kira shi okok, wasu har da sukari. Wannan kam bai shige ni ba.

Wadda ta sace min zuciya ita ce mbongo, miyar Basa, baƙa ƙirin saboda ana ƙona kayan ƙamshinta kafin a niƙa. Da farko na ɗauka girkin ne ya kama. Da tarwaɗa aka yi ta, muka haɗa da bobolo, rogon da aka jiƙa aka naɗe a ganye aka dafa. Akwai kuma ndole ta mutanen Duwala, shuwaka da gyaɗa.

To, ga inda za ki buɗe ido. A nan ana cin alade da naman daji, kuma ƙyafaffen nama ba ya nuna kansa cikin miya. A rumfa ta biyu har na miƙa kwano, mai abincin ta dubi mayafina ta girgiza kai, ta nuna mana maƙwabciyarta. Allah ya saka mata. Tun daga nan kifi nake nema, in tambayi abin da ke cikin tukunyar, in duba ko ludayinta daban ne.

Da zan taho na sayi yankakken eru busasshe a Mokolo. Naman kuma na mahaucin unguwarmu ne, yara har da neman ƙari.